Zakaran Iya

Kun sha tambayata dalilin da ya sa duk Babbar Sallah, idan aka aiko mana da naman layya daga gidan marigayi Alhaji Sani, sai an haɗo da zakara mai rai, ƙafafunsa a ɗaure. Na ji bayanai iri-iri a bakinku. Rifkatu ta ce wai babanku ne ba ya cin naman rago, abin da ya ba ni dariya har sai da na ƙware, domin ban taɓa ganin mai son naman rago kamar babanku ba. Auta kuwa ya gaya wa matarsa wai tsohon faɗa ne aka sasanta, zakaran na ban haƙuri ne. Duk ba haka ba ne. Waɗanda abin ya faru a kansu sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, don haka bari in rubuta muku yadda aka yi tun idona na gani.

A wancan lokacin ina aikin ungozoma a asibiti, babanku Malam Ishaya yana koyarwa a firamare. Muna nan Tudun Wada, a gidan nan da kuka sani, katanga ɗaya ce tsakaninmu da Alhaji Sani tela. Katangar kuwa gajeriya ce, in na tsaya a madafa ina iya ganin ɗankwalin matarsa Hajiya Binta, kuma ta kan katangar nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da gulmar unguwa. Ni na karɓi haihuwar yawancin 'ya'yanta. Akwai wata al'ada tsakanin gidajen biyu wadda ba wanda ya zauna ya tsara ta. Ranar Babbar Sallah Alhaji zai aiko mana da cinyar rago guda, ba ragi. Jajiberin Kirsimeti kuma babanku zai sayo akuya, amma ba zai sa mata wuƙa ba, sai ya je ya kira Alhaji ya zo ya yanka da hannunsa, domin idan an dafa mutanen gidansa da sauran maƙwabta su ci hankali kwance. Babanku ya iya yanka sarai. Sai dai ya riƙe ƙafafun akuya, wani ya yanka masa a tsakar gidansa, kuma ban taɓa jin ya ce abin ya rage masa wani abu ba.

Naman Sallar nan, ni nake soya shi ya soyu ƙayau, in zuba a kwalla da mansa. Babanku yakan yi ta zagayen kwallar har watanni. Mutum mai natsuwa, wanda 'yan makaranta ke rawar jiki in sun hango kekensa, amma sai in kama shi a ɗakin ajiya da yaji a gefen baki yana ce mini wai ɓera yake dubawa.

A shekarar da nake ba ku labari, da damina aka kawo mana kakarku Iya, mahaifiyar babanku, daga ƙauyensu can bayan Giwa. Mijinta ya rasu, idonta ya fara yana, ba mai ɗebo mata ruwa. Da ƙyar ta yarda ta zo. Ku da kuka san ta tana lallaɓa ku ba ku san asalinta ba. Iya a gidan Maguzawa ta tashi, sai da ta yi furfura aka yi mata baftisma. Mahaifinta shi ne mai yi wa iskoki yanka a gindin tsamiyar garinsu, ita kuma tun tana ƙaramar yarinya ita ke riƙe ƙwaryar da jini ke zuba. Bayan an gama sai a soya naman a wurin, kowa ya ci, kuma an gaya musu duk wanda ya ci ya ɗaure kansa ke nan, abin zai riƙa binsa yana neman wani jinin. Da wannan tsoron ta girma, da shi ta yi aure, da shi ta haihu. Ranar da aka yi mata baftisma ta yi wa Ubangiji alkawari, ita kaɗai ba wanda ya sa ta, cewa naman da aka zubar da jininsa domin ibada ba zai ƙara shiga bakinta ba. Ni duk ban san wannan ba. Abin da na sani kawai tsohuwa ce mai shiru-shiru, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunan babanku, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. In tana son wani abu a wurinsa sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mutumin nan."

Babbar Sallah ta faɗo bana bayan girbi, Kirsimeti na biye da ita ba nisa. Da hantsi aka yi sallama aka shigo da cinyar rago a babban kwanon Hajiya Binta. Na sa albarka, na fara wasa wuƙa ina 'yar waƙata. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta.

"Laraba, naman me aka kawo?"

"Na layya ne, Iya. Daga gidan Alhaji."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Can na ji motsi, na leƙa, sai na tarar tana laluben kayanta tana ƙullewa a zane.

"A gaya wa mutumin nan ya kai ni tasha."

Kun san bakina. Na zauna na jero mata hujja kamar ina wa'azi a taron zumuntar mata. Na ce abinci ba ya kai mutum kusa da Allah, ba ya nesanta shi. Na ce duk abin da aka karɓa da godiya tsarkakakke ne. Na ce, "Iya, mahautan kasuwa ma ai Musulmi ne, kuma kullum kina cin namansu."

"Wancan yankan ci ne. Wannan yankan ibada ne."

"To a raba tukunya. Ki ci naki, mu ci namu."

"Ba ci kaɗai ba ne, 'yar nan. Ƙaurin. In ƙaurin nan ya tashi a gidan da nake kwana, ni na koma gindin tsamiya. Ban ce ku bari ba, gidanku ne. Ni ce zan tafi."

A nan ne ta ba ni labarin ƙwaryar, hannunta bai daina ƙulla zanen ba. Na san ƙauyen da take cewa za ta koma. Ɗaki ne da rufinsa ya fara zubewa, da rijiya mai nisa, ga ido ba ya gani sosai. In ta tafi ba za ta ga wata damina ba, ni ma'aikaciyar asibiti ce, na sani.

Babanku yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya daɗe yana kallon kwanon nan. Sannan ya ce da ni, "Mayar da wuƙar. Ba za a soya ba."

Na bi shi har zaure raina a ɓace. "Malam, kai ma ka san ba zunubi ba ne."

"Na sani."

"To don me?"

"Don na sani ɗin. Da dole ne in ci, da ba zan iya bari ba. Abin da aka ba ni ikon ci, an ba ni ikon bari. Ita ba ta da zaɓi a wannan, Laraba, ni nake da shi."

Na mayar da wuƙar, ba don na gamsu ba. Saura yadda za a yi da naman. Mayar wa maƙwabci kyautar Sallah ai zagi ne. Zubarwa kuwa ba ta taso ba. Sai babanku ya ɗaure kwanon a bayan keke ya kai wa wata gwauruwa 'yar cocinmu a Gyallesu mai marayu, ya ce ta soya wa yara. Abin da bai sani ba, don maza ba su san irin wannan ba, shi ne duk kwanon Hajiya Binta akwai shaidar jan fenti a gindinsa, saboda kada ya ɓace a gidan biki. Ƙanwar Hajiya kuwa a Gyallesu take aure, layi ɗaya da gwauruwar. Kafin kwanon ya dawo Tudun Wada labari ya riga shi isowa.

Hajiya da kanta ta zo karɓa. Ba ta zauna ba.

"Maman Rifkatu, da kun ce ba ku so ai da ba mu ɗora muku wahalar kai shi Gyallesu ba."

"Hajiya, ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Bakina ya buɗe, na hango babanku yana girgiza mini kai daga ƙofar ɗaki. Na haɗiye maganar. Hajiya ta jira, ta ga ba abin da zai fito, ta ɗauki kwanonta ta fita. Da na tsare shi daga baya ya ce, "Me za ki ce mata? Layyarsu tana tuna wa uwata tsafi? Wannan ai ya fi mayar da naman muni. Kuma ba zan bar a riƙa nuna Iya a layi ana cewa ga tsohuwar Bamagujiya ba. Su ɗauka ni ne." Ya kuma hana a gaya wa Iya abin da ya biyo baya.

Haka suka ɗauka kuwa. Ɗankwalin Hajiya ya daina bayyana a kan katanga. In mun haɗu a hanya sai gaisuwar da ba ta wuce "lafiya lau" ba. Ni wannan ya fi ci mini rai, domin Hajiya ba maƙwabciya kawai ba ce a wurina, ita nake faɗa wa abin da ba na faɗa wa kowa. A coci ma ba a bar mu ba. Rabaran ya zo har gida ya zauna da Iya ya yi mata bayani mai kyau cikin haƙuri. Ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, ta ce, "Kunnena ya ji, Rabaran, kaina ma ya yarda. Cikina ne bai ji ba." Mutumin kirki ne, bai matsa mata ba, ya yi addu'a ya tafi. Wasu suka ce babanku ya mai da kansa bawan tsoron tsohuwa. Wasu kuma suka zo suna yi masa barka, wai ya kyauta da ya daina cin naman Musulmi. Waɗannan na biyun su suka fi ƙona masa rai. Ya ce da ɗaya daga cikinsu, a gabana, "Na ci shekara da shekaru, kuma da daɗi. Kada ka sa ni a layinka."

Jajiberin Kirsimeti ya zo. Babanku ya sayo akuya kamar kullum, ya ɗaure a gindin mangwaro, ya sa hula ya tafi shagon Alhaji. Bai jima ba ya dawo, ya zauna a kan benci ya cire hular. Sai da na tambaya sau biyu ya faɗa mini. Alhaji bai ɗago kai daga keken ɗinki ba, ya ce, "Malam Ishaya, aiki ya yi mini yawa bana. Kuma ban sani ba ko yankan hannuna yana ciwuwa a gidanka."

Rana ta yi ta ɗagawa, akuya na kuka. Albasa na yanke, ruwa na tafasa. Na ce, "Malam, ga wuƙa nan, ka yanka mana mu yi aiki."

"In na yanka da hannuna, ba wanda zai ci a layin nan. Na rufe ƙofar ke nan da kaina. Bari mu ɗan jira."

Me yake jira, shi ma bai sani ba. Har aka kira azahar yana zaune. Daga nan ya tashi ya tafi coci wajen gwajin waƙa, ya bar ni da akuya. Sai Iya ta yi kira daga ɗaki.

"Laraba, me ya sa dabbar nan take ta kuka tun safe ba a yanka ba?"

An hana ni faɗa. Na faɗa. Tun daga kwano har shagon Alhaji ban rage komai ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Na zaci za ta sake neman zanen ƙulla kaya. Sai ta ce, "Miƙo mini mayafina. Ki kama hannuna."

Tun da ta zo Zariya ba ta taɓa shiga gidan kowa ba, daga ɗaki sai coci. Ina riƙe da hannunta har muka yi sallama a gidan Alhaji. Hajiya ta gan mu, fuskarta ba yabo ba fallasa, amma tsohuwa ce ta shigo, dole ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Iya ta ce a yi mata magana da maigidan. Alhaji ya dawo daga masallaci ke nan, ya shigo ya durƙusa daga gefe ya gaishe ta.

"Alhaji, na zo ne in sauke wa mutumin gidanmu kayan da ba nasa ba. Naman nan, ni ce. Shi yana so, an ce har ɓoyewa yake ya ci. Saboda ni ya bari."

Ta ba shi labarin tsamiya da ƙwarya da alkawarinta, abin da ɗanta ya yarda a zage shi don kada a ji. Ina sauraro, ina jiran inda maganar za ta ɓaci. Sai ta ce:

"Ban ce layyarka irin wancan ba ce. Kai Allah kake yi wa, na sani. Laifin ba a ragonka yake ba. Ni ce aka ƙona tun ina yarinya, har yau in na ji ɗumi sai in janye hannu. Na yi alkawari, kuma ni a wurina an riga an yi mini yanka sau ɗaya a kan gicciye, ya ishe ni. In akwai fushi, a yi da ni. In zamana ne zai raba ku, gobe sai in koma ƙauye."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Ni na riga na shirya amsar da zan ba shi in ya ce wani abu marar daɗi, har na gyara zama. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Iya, shekara nawa Malam Ishaya yana miƙa mini wuƙa a cikin gidansa? Dabbarsa, bikinsa, addininsa bai hana shi yanka ba. Bai taɓa ce mini, Alhaji, me ya sa ba za ka ci yankana ba. Ko sau ɗaya. Ya ɗauki zuciyata yadda take, ni kuwa har na saba, na ɗauka haƙƙina ne. Yau an ce ga wata zuciyar a ɗauka, sai na yi fushi." Ya juya wajen matarsa. "Hajiya, ɗauko mini wuƙata." Sannan ya sake duban Iya. "Ba inda za ki, Iya. In kin tafi, da wane ido zan dubi ɗanki?"

'Ya'yana, na karɓi haihuwa ba adadi, na ga lokacin da jariri ke jan numfashin farko, ɗaki ya yi tsit kowa ya san ba shi ya yi wannan ba. Irin abin da na ji ke nan a tsakar gidan tela a ranar. Ga tsohuwa da ba ta san ko harafi ɗaya ba, ga Alhaji da carbinsa, ba wanda ya bar abin da ya gaskata ko da ƙwayar gero, ba wanda ya ce wa wani ka yi kuskure, amma na ga an buɗe wa juna wuri. Na ji tsoron Allah ya kama ni, irin tsoron da ke zuwa da daɗi. Hajiya ta fito da wuƙa tana share ido da bakin mayafi, ta wuce ta gabana ta ɗan mintsine ni a hannu, ta ce, "Ke kuma da shegen bakinki, ranar da ya kamata ki yi magana sai kika yi shiru."

Babanku ya dawo daga coci ya tarar da Alhaji tsaye a gindin mangwaro ya naɗe hannun riga.

"Malam Ishaya, ka bar ni ina jira. Zo ka kama ƙafafun."

Bai tambayi komai ba. Ya jingine keke ya zo ya kama. Iya ta ci naman akuyar nan sosai, ta ce wannan yankan ci ne.

Da Babbar Sallah ta zagayo, tun da safe babanku ya shirya kekensa, ya ce wannan karon da sanin Alhaji zai kai naman Gyallesu. Aka yi sallama, sai ga Alhaji da kansa, kwano a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da jan zakara yana fuffuka.

"Wannan na gida ne, ku yi yadda kuka ga dama da shi. Wannan kuma na Iya ne. Da ransa na kawo, ba a ambaci komai a kansa ba. Wanda ta yarda da shi ya yanka mata."

Iya ta karɓi zakaran ta rungume, tana shafa bayansa. Bayan Alhaji ya fita babanku ya ɗauki kwano zai ɗaure a keke. Sai ta dubi bango.

"A gaya wa mutumin nan ya ajiye. A soya a nan."

"Iya, ƙaurin fa?" in ji ni.

"An ɗauke mini nawa kayan shekara guda. Ni ma zan gwada in ɗauki na wani."

Ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya zo mata da sauƙi ba. Da mai ya fara ƙara a kasko na ga ta ja mayafi ta toshe hanci, leɓenta na motsi tana addu'a, gumi na tsattsafo mata a goshi. Na ce in sauke? Ta girgiza kai. Can ta ce in ba ta turmi da ƙuli-ƙuli da barkono da citta. Ta zauna a nan, cikin ƙaurin da ta gudu daga gare shi duk rayuwarta, ta daka yaji da hannunta. Da aka zuba wa babanku nama, ta lallaɓa ta tura masa yajin gabansa. Ba ta dubi bango ba. Shi ta duba.

"Ci, Ishaya."

Ranar kaɗai na taɓa jin sunansa a bakinta. Babanku ya ɗauki tsoka ɗaya ya riƙe, ya kasa kaiwa baki, hawaye na sauka a gemunsa.

Iya ba ta taɓa ɗanɗana naman layya ba har ta koma ga Ubangiji, kuma ba wanda ya ƙara ce mata ta ci. A ɗakin nan na kusa da mangwaro ta cika, bayan ta goya yawancinku. Shekarar da ta rasu mun zaci zakara ya ƙare, sai ga shi an kawo. Alhaji ya rasu, babanku ya bi shi, zakara bai fasa zuwa ba. Bana babban ɗan Alhaji ne ya kawo, wanda ni na yanke masa cibi, yanzu shi ma da furfurarsa. Ya durƙusa ya ajiye kwano, ya miƙo mini zakaran ya ce, "Mama, ga na Iya."

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "Ta gode."